Bimbinin Safiya: Alkawarin da Ya Riƙe John Paton a Tanna

Karatu: Matiyu 28:16-20, 2 Timoti 4:16-18

A ƙarshen Bisharar Matiyu, Ubangijinmu Yesu ya tara almajiransa a kan dutse a Galili, ya bar musu magana uku a ƙulle wuri ɗaya. Ya sanar da su cewa mulkin sama da na ƙasa duk yana hannunsa, ya aike su ga kowace al'umma, sa'an nan ya yi musu alkawari cewa babu ranar da zai rabu da su har zamani ya cika. Mun saba jin wannan nassi ranar keɓe mai bishara ko ranar tara baiko domin aikin mishan, kuma galibi umarnin tafiya ne mai wa'azi yakan fi nanatawa. Da safen nan, 'yan'uwa, a kan alkawarin nake so mu zauna, mu duba shi cikin rayuwar wani bawan Allah da ya dogara gare shi a lokacin da ba abin da ya rage masa. Shi ne Fasto John Gibson Paton na ikilisiyar Firesbiteriya ta ƙasar Sikotilan, wanda ya kai bishara tsibiran New Hebrides a kudancin tekun Fasifik, ƙasar da yau ake kira Vanuatu.

An haife shi ran 24 ga Mayu 1824 kusa da garin Dumfries, shi ne ɗan fari cikin 'ya'ya 11. Mahaifinsa James masaƙin safa ne, talaka mai ci da guminsa. Gidansu a ƙauyen Torthorwald ɗaki 3 ne: ɗaya na saƙa, ɗaya na girki da zaman iyali, sai wani ɗan ƙarami a tsakiya. Bayan kowane cin abinci uban yakan shiga ƙaramin nan ya ja ƙofa ya durƙusa, yaran kuma suka koyi tafiya a hankali in za su gifta, domin suna jin muryarsa yana kai sunayensu gaban Allah. Tun yana shekara 12 John yake zama a kan injin saƙa daga ƙarfe 6 na safe zuwa 10 na dare, yana karatu a ɗan lokacin cin abinci. Ranar da zai bar gida zuwa Glasgow, uban ya raka shi mil 6 a ƙafa, yawancin tafiyar shiru, leɓunansa kawai ke motsi da addu'a. Paton ya tsufa yana faɗin cewa tunawa da wannan rakiya ta sha tsare shi daga zunubi. Iyaye, ku lura: yaron nan ya fara sanin cewa Allah yana kusa ne ta bayan ƙofar ɗakin mahaifinsa, tun kafin ya ji haka a makarantar tauhidi.

Shekara 10 ya yi yana aikin bishara a unguwannin matalauta na Glasgow, cikin mashaya da waɗanda suka daɗe da yin ban kwana da majami'a. Bayan kusan shekara guda, mutum 6 ko 7 ne kawai ke zuwa sujada a kai a kai, har shugabannin aikin suka yi niyyar mayar da shi wata unguwa. Ya roƙi a ƙara masa wata 6. Aka ƙara masa, aikin ya kama, masu zuwa suka kai ɗaruruwa. Saboda haka da ya ce zai bar wannan aiki ya tafi tsibirai, mutanen kirki ne suka fi tare masa hanya. Tsoronsu kuma yana da tushe, gama a 1839 an kashe John Williams da James Harris a tsibirin Erromanga jim kaɗan bayan sun sauka daga jirgi. Wani dattijo ya yi ta gaya masa cewa cinye shi za a yi. Paton ya amsa masa da ladabi cewa shi ma dattijon ya kusa kwanciya a kabari inda tsutsotsi za su ci jikinsa, kuma muddin mutum ya rayu ya mutu yana bauta wa Yesu, ko wa ya ci jikin, ranar tashin matattu da kyansa zai tashi.

An naɗa shi fasto ran 23 ga Maris 1858, ya auri Mary Ann Robson, suka sauka a Port Resolution, tsibirin Tanna, ran 5 ga Nuwamba na wannan shekara. Gidan mishan ɗin a bakin teku aka gina shi, a wuri mai dausayi, alhali mutanen Tanna a kan tudu suke kwana saboda sun san zazzaɓin da ke wurin. Da ɗan gari akan ci gari, baƙin kuwa ba su gane dalilin ba sai da aikin gama ya gama. Ran 12 ga Fabrairu 1859 Mary ta haifi ɗa namiji, suka sa masa suna Peter. Ran 3 ga Maris zazzaɓi ya ɗauke ta. Ran 20 ga watan jaririn ya bi uwarsa. Wata 4 ke nan da saukarsu. Paton, shi ma da zazzaɓi a jikinsa, da hannunsa ya haƙa kabarin a ƙarshen gidan, ya jera masa duwatsun murjani, ya rufe samansa da farar tsakuwar bakin teku. Babu uwa ko ƙanwa kusa da za ta zo gaisuwa. Babu ikilisiya da za ta raira waƙa a bakin kabari. Ya shaida daga baya cewa in ba domin zumuncin da Yesu ya ba shi a wurin ba, da hauka zai yi ya mutu a gefen kabarin nan. Wurin ya zama masa ɗakin addu'a, inda yakan je ya roƙi Allah ya ba shi tsibirin da ya binne matarsa da ɗansa a ciki.

Mu dakata a nan. Mutumin nan ya yi biyayya. Ya bar aiki mai albarka, ya ƙetare teku wata da watanni saboda umarnin Ubangiji, sai ga shi abin da ya fara girba kabari ne. Da yawa cikinmu, in abu makamancin wannan ya same mu, tambayar da za ta fara zuwa bakinmu ita ce ko dai Allah bai aike mu ba. An koya mana, wani lokaci har daga bagadi, cewa alamar kasancewar Allah ita ce buɗi da lafiya da cikar majami'a. Ni dai ban ga wannan koyarwa a nassin da muka karanta ba. Almasihu ya yi alkawarin kansa, wato shi da kansa zai tsaya tare da wanda ya aika. Bai lissafa mana abin da zai hana ya same mu ba. Paton ya gane haka a bakin kabari, shi ya sa ya zauna a Tanna kusan shekara 3 bayan haka.

Ba shi kaɗai ya zauna ba, kuma zai zama rashin adalci mu tuna da shi mu manta da waɗanda suka riƙe shi. Tun 1848 Fasto John Geddie yake aiki a tsibirin Aneityum da ke kudu da Tanna, daga cikin masu bi na can ne aka samu malaman da suka yarda su ƙetaro. Ɗaya daga cikinsu sunansa na baftisma Abraham. Da zazzaɓi ya kayar da Paton a kan hanyar hawa tudun da yake son mayar da gidansa, har ya sallama cewa mutuwa ce ta zo, Abraham da matarsa Nafatu ne suka ɗauke shi suka kai shi sama, suka yi masa inuwa da ganyen kwakwa, suna ba shi ruwan kwakwa da abinci har ya farfaɗo. Akwai kuma Namuri, wani malami daga Aneityum da ke koyarwa a wani ƙauye. Wani boka ya jefe shi da dutse ya yi masa mummunan rauni. Paton ya yi jinyarsa, ya roƙe shi ya zauna a gidan mishan, amma Namuri ya ce shi ma da haka yake kafin bishara ta same shi, kuma da mai bishara ya guje shi da har yanzu yana cikin duhu. Ya koma ƙauyen. Wata safiya yana durƙushe cikin addu'a, bokan nan ya sake auka masa da kulki, ya mutu yana roƙa wa wanda ya kashe shi gafara. Sau da yawa kasancewar Almasihu tare da bawansa takan zo ne ta hannun ɗan'uwa irin Abraham. Mu ma a ƙasashenmu mun san cewa 'yan ƙasa masu bishara ne suka taka yawancin hanyoyin ƙauyuka da ƙafa, kuma kaɗan ne cikinsu aka rubuta sunayensu.

Kada mu ɗauka ƙiyayyar mutanen Tanna ta fito ne haka kawai. Shekaru da dama Turawa 'yan kasuwa masu saran itacen sandal suna cutarsu, suna sayar musu da bindigogi da giya. A ƙarshen 1860 jiragen 'yan kasuwa suka kawo cutar ƙyanda, Paton kuma ya ba da shaida cewa da gangan aka sauke masu ɗauke da ita a tsibirin. Mutanen ba su taɓa sanin cutar ba, sai suka yi ta mutuwa har ya ƙiyasta kashi ɗaya cikin uku sun tafi. Cikin mutanen mishan ma 13 suka rasu. Wanda ya binne 'ya'yansa bayan zuwan farar fata, da wuya ya bambanta mai sayar da bindiga da mai wa'azi. Sauran malaman Aneityum suka haɗa kayansu suka koma gida. Abraham ma ya ɗaure nasa, amma da ya tambayi Paton ko zai tafi, ya ji cewa zai zauna, sai ya kwance kayan ya ce da yardar ransa zai zauna su rayu ko su mutu tare cikin aikin Ubangiji.

A farkon 1862 abin ya kai maƙura. Aka washe gidan mishan, Paton ya tsira da Littafi Mai Tsarki da ɗan abin da ya fassara cikin harshen Tanna. Ya fake a ƙauyen wani basarake mai suna Nowar, mutumin da zuciyarsa ke rawa tsakanin abota da tsoro. Da dare Nowar ya ce ba zai iya ɓoye shi a gida ba, ya sa aka kai shi wani babban itace a gonarsa, aka ce ya hau ya jira fitowar wata. Sa'o'i ya yi a cikin rassan, yana jin ƙarar bindiga da ihun masu nemansa, kuma ransa yana hannun mutumin da bai tabbatar da amanarsa ba. Abin da ya faɗa game da daren nan shi ne ya sa na zaɓi labarinsa da safen nan. Ya ce cikin dukan baƙin cikin da ya taɓa sha, Ubangiji bai taɓa matsowa kusa da shi ya yi wa ransa magana mai sanyi kamar a cikin ganyayen itacen nan ba, har ya ce ba zai ƙi ƙara kwana irin wannan ba in zai sake samun zumuncin. Haka Bulus ya gaya wa Timoti: ranar da aka fara gurfanar da shi kowa ya watse, amma Ubangiji ya tsaya a gefensa ya ƙarfafa shi. Kuma a tuna, Bulus ya rubuta wannan yana sane cewa ranar tafiyarsa ta yi kusa.

Wani zai ce, ai Paton ya tsira, shi ya sa yake da bakin magana. To, ran 20 ga Mayu 1861, watanni kaɗan kafin daren itacen, an kashe mai bishara George Gordon da matarsa Ellen a Erromanga, su ma saboda ƙyandar nan da aka ɗora musu alhakinta. Samuel Johnston, abokin aikin Paton a Tanna, ya rasu a Janairun wannan shekara. Mathieson da matarsa, su ma masu bishara a Tanna, waɗanda jirgi ya kwashe tare da Paton a Fabrairu 1862, dukansu ba su ga ƙarshen shekarar ba. Shin alkawarin bai shafe su ba ne? Ibraniyawa sura 11 ta jera waɗanda ta wurin bangaskiya suka kuɓuta daga takobi da waɗanda takobi ya kashe, ta yabe su da shaida iri ɗaya. Istifanas yana ƙarƙashin duwatsu ya ga Yesu tsaye. Na gaskata wanda ya zauna da Paton a kan itace shi ne ya tsaya da Gordon a kan hanyar da aka sare shi, da Namuri a ƙauyensa. Ya ba ɗaya ƙarin shekara 45 na aiki, ya kira sauran gida da wuri, dalilin wannan rabo kuwa yana wurinsa.

Paton ya bar Tanna babu ikilisiyar da ya kafa. Ya zaga Ostireliya da Sikotilan yana tara kuɗin jirgin ruwa na mishan, yaran makarantar Lahadi suka yi ta kawo 'yan kuɗaɗensu har aka samu jirgin Dayspring. A 1864 ya auri Margaret Whitecross. Akwai kuma wani tabo da bai kamata a ɓoye ba. A Agusta 1865 jirgin yaƙin Ingila mai suna Curaçoa ya yi wa ƙauyukan Port Resolution luguden wuta domin horo, Paton yana cikin jirgin a matsayin tafinta. Geddie ya yi Allah wadai da wannan, jaridun Sydney suka yi ca a kansa. Paton ya kāre kansa, amma a ganina Geddie ne ke da gaskiya: bai dace wanda ya kawo bisharar salama a gan shi kusa da igwa ba. Bayin Allah da muke tunawa mutane ne kamarmu, alheri ne ya ɗauke su har ƙarshe.

A Nuwamba 1866 shi da Margaret suka sauka a Aniwa, ɗan ƙaramin tsibiri kusa da Tanna, mai dutsen murjani, babu rafi babu ƙorama. Ruwan sama da ruwan kwakwa mutanen suka dogara da su, bokaye masu da'awar saukar da ruwa kuma suna cin kasuwarsu. Paton ya ce zai haƙa ƙasa ya nemi ruwa. Tsohon basarake Namakei, wanda yake ƙaunarsa, ya tabbata ciwon hauka ne ya kama shi, gama a saninsu daga sama kaɗai ruwan sha yake zuwa, har ya sa samari su riƙa gadinsa kada ya hallaka kansa. Paton ya yi ta haƙa, yana biyan masu jan guga da ƙugiyoyin kamun kifi. Wani dare gefen ramin ya rufta, daga nan ba wanda ya ƙara yarda ya shiga, shi kaɗai yake sauka. Tsoronsa kada ya tarar da ruwan gishiri, sunan Allah ya sha kunya a bakinsa. Da ya wuce ƙafa 30 ƙasa ta fara danshi, kashegari ruwa ya ɓuɓɓugo, da ɗan gishiri-gishiri amma mai shayuwa. Namakei ya ɗanɗana, ya tambaya ko na iyalin fasto ne kaɗai. Paton ya ce na tsibirin duka ne, kyautar Allah ce. Ranar Lahadi Namakei da kansa ya yi wa jama'a wa'azi: idan Allah da ba a gani ya iya ba da ruwan da ba a gani daga ƙarƙashin ƙasa, to shi zai bi. Cikin makon mutane suka fara kawo gumakansu ana ƙonawa, ana binne wasu, ana jefa wasu a teku.

Ran 24 ga Oktoba 1869 aka ci Jibin Ubangiji na farko a Aniwa, mutum 12 aka karɓa cikin 20 da suka nema. Paton ya ce da ya sa gurasa da ƙoƙon a hannuwan da a dā suka zub da jini, farin cikin da ya ji ya kusa fasa masa zuciya. Shekara 11 ke nan tun saukarsa Tanna. A hankali dukan tsibirin ya karɓi bangaskiya. Shi da Margaret sun riƙe marayu, sun buɗe makarantu, sun kuma binne wasu cikin nasu 'ya'yan. Ya rubuta harshen Aniwa, a 1899 ya kai musu Sabon Alkawari bugagge cikin harshensu, yana da shekara 75. Har tsufansa yana yawo tsakanin Ostireliya, Birtaniya da Amurka yana yaƙi da kwasar 'yan tsibirai zuwa gonakin rake na Queensland, da sayar musu da giya da bindiga. Tanna kuwa, wasu ne suka girbe ta: William Watt ya zauna can daga 1869 shekaru masu yawa, ɗan Paton mai suna Frank kuma ya buɗe aiki a Lenakel a 1896. Margaret ta rasu a 1905, shi kuma ya cika a Melbourne ran 28 ga Janairu 1907 yana da shekara 82. Vanuatu ta samu 'yancin kai a 1980, kuma ikilisiyar Firesbiteriya ce mafi yawan mabiya a ƙasar.

Ɗan'uwa, 'yar'uwa, wataƙila kai ma kana shekarun Tanna naka. Ka yi wa'azi a ƙauye ɗaya shekara da shekaru, kujerun ba su ƙaru ba. Kin yi wa miji ko ɗa addu'a har kin gaji da ƙirga. Ko kuwa an yi rasuwa a gidanku ana tsakiyar hidima, har ka fara zargin kiranka. Kada ka auna kusancin Ubangiji da abin da idonka ya gani a wannan mako. Gaya masa duk abin da ke zuciyarka kamar yadda Paton ya yi a cikin rassan itace, sa'an nan ka tashi ka kama aikin yau.

In kuma kai kana cikin sauƙi, to kai ne Abraham na wani. Akwai fasto ko mai bishara da ka sani yana aiki a wuri mai wuya, albashinsa ba ya zuwa a kan kari, 'ya'yansa suna nesa da makaranta da asibiti, wataƙila ma yana kwana da tsoron hari. Kafin ka fita da safen nan ka ambaci sunansa da na matarsa a gaban Allah. Ka kira shi a waya yau ka gaishe shi, ka tambaye shi abin da ya fi bukata, kuma abin da Allah ya hore maka ka aika masa kafin Lahadi.